Ciwon da Ke Jiran Dare: Barci da Mafarki Bayan Buguwa a Ka

Idan kaka ta yi, aka shiga saran rake a fadamun Kudan da Likoro da Hunkuyi, hanyar da ta taso daga Zariya ta nufi Danja ba ta samun hutu. Manyan motoci na lodi, amalanke na jigilar rake zuwa wuraren da ake matsa shi a dafa mazarƙwaila. Babura kuwa ba a magana: wannan ya gicciya dami a baya, wancan ya ɗauro kwandunan tumatir, wani ya goyo mace da yara biyu. Ga hazon hunturu, ga yashi a gefen kwalta. Ba a daɗewa sai a ji ƙara, jama'a su ruga.

Abu biyu ake dubawa a jikin wanda ya faɗi, jini da karaya. Wani ya ɗaga masa hannu, wani ya lanƙwasa masa ƙafa, wani ya yayyafa masa ruwa a fuska. Idan ya buɗe ido ya miƙe ya kakkaɓe riga, sai a ce an auna arziki. A yi masa sannu, a ce Allah ya tsare gaba, a tayar masa da babur. Ba kasafai ake lura da cewa yana ta maimaita tambaya ɗaya ba, ko ya riƙe makulli a hannu yana neman makulli.

Mai karaya yana da maɗori. Mai rauni yana da ɗinki a babban asibitin Hunkuyi ko na Maƙarfi ko na Ikara. Wanda kansa ya daki ƙasa bai fashe ba, shi ne ke komawa gida da panadol biyu a aljihu, kowa na ganin ya tsira. Nasa ciwon yakan bari sai an kashe fitila, kuma matarsa ko mahaifiyarsa ce ke fara ganinsa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwa taushinta bai wuce na awara ba, kuma a cikin ruwa take zaune, ƙashi ya kewaye ta. Idan mutum na gudu kai ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsaya tare da shi ba. Sai ta daki bangon ƙoƙon kai, ta dawo, ta ɗan murɗe. Siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassanta su miƙe fiye da ƙima, sinadaran da ke cikinsu su hargitse. Daga nan ƙwaƙwalwa ta shiga neman ƙarin kuzari don ta gyara kanta, a daidai lokacin da jinin da ke zuwa mata ya ragu. Wannan giɓin shi ke haifar da ciwon kai da jiri da mantuwa da saurin fushi, kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya cike.

Ba sai an suma ba. Mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma ko na daƙiƙa ɗaya. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo ba za su manta da daren 26 ga Mayu, 2018 ba, lokacin da Real Madrid ta doke Liverpool da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a birnin Kiyeb. Mai tsaron gidan Liverpool, Loris Karius, ya jefa wa Benzema ƙwallo a ƙafa, daga baya kuma wadda Bale ya buga daga nesa ta sulale ta tsakanin hannayensa. Duniya ta yi masa ca. Bayan 'yan kwanaki likitoci a wani babban asibiti a Boston ta Amurka suka duba shi, suka tabbatar da cewa ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a wasan. Mintuna kaɗan kafin kuskurensa na farko, gwiwar hannun Sergio Ramos ta same shi a ka. Bai suma ba, bai yi jini ba, kuma ya ƙarasa wasan a tsaye.

Ko hoton ƙwaƙwalwa na CT aka ɗauka, galibi ba ya nuna komai, domin aikinsa gano zubar jini da fashewar ƙashi. A asibiti ana auna mai buguwa a ka da wani ma'auni da likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a Gilasgo a 1974: a duba buɗe idonsa, da maganarsa, da motsinsa, a ba shi maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 13 zuwa 15 ana rubuta masa "rauni mai sauƙi". Sauƙin a kan takarda yake. Wanda ya yi wata guda yana kwana ido biyu ba zai yarda da wannan suna ba.

Daren farko

An daɗe ana cewa wanda ya bugu a ka kada a bar shi ya yi barci, don kada ya zarce. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, har likitocin Turai sun taɓa cewa a riƙa tashinsa duk bayan awa ɗaya ko biyu. Yanzu an bar wannan. Barci ba ya jawo dogon suma. Abin da ake tsoro shi ne jini ya riƙa tsiyaya a cikin kai a ɓoye, mutum ya nutse ana zaton barci yake yi. Saboda haka ƙa'idar ita ce ma'aikacin lafiya ya fara duba shi, sannan a bar shi ya kwanta, wani babba ya kwana kusa da shi, yana lura da numfashinsa da launin fuskarsa da yadda yake juyi.

Akwai alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu. Ciwon kai mai ƙaruwa maimakon raguwa. Amai fiye da sau ɗaya. Jijjiga. Baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Hannu ko ƙafa ta mutu, ko baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi. Jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci. Ruɗewa mai ƙaruwa, ko a tashe shi ya ƙi tashi. Ko ɗaya aka gani, a nemi mota a nufi asibiti a daren, kuma mutanen Kudan sun yi dace da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da su, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

Samun sauƙi na ɗan lokaci yana yaudara. A ranar 16 ga Maris, 2009, 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi tana koyon wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta buƙatar asibiti. Bayan 'yan sa'o'i ciwon kai ya tsananta, kwana biyu bayan faɗuwar ta rasu tana da shekara 45. Jini ne ya taru tsakanin ƙashin kai da rufin ƙwaƙwalwa. A wajen tsofaffi kuma abin yakan zo a hankali. Dattijo ya zame a banɗaki ko ya faɗo daga jaki, a manta, sai bayan makonni a ga yana yawan barci, yana rikicewa, tafiyarsa ta canza. 'Ya'ya su ce tsufa ne ya kama Baba, alhali jini ne da ƙaramar tiyata kan iya fitarwa.

A kwanakin farko panadol ya isa don ciwon kai. Asfirin da ibufurofen da danginsu suna iya ƙara zubar jini, don haka a dakata da su sai likita ya ce.

Mai barci da yawa, da wanda barci ya ƙaurace wa

Idan an haye wannan siraɗi, sai wata matsalar ta kunno kai. A 2012 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya, Mathias da Alvaro, suka tattara sakamakon bincike 21 a kan mutanen da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa. Suka gano kusan kashi 50 cikin 100 suna fama da matsalar barci. Wasu barcin ya ƙaurace musu, wasu ya yi musu yawa, wasu numfashinsu na ɗaukewa a cikinsa.

A makon farko yawan barci ne ya fi zuwa. Akwai wani sinadari, oreksin, da wani ɗan lungu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke samarwa don riƙe mutum a farke. Likitoci a Zurik ta Siwizalan, ƙarƙashin Christian Baumann, sun nuna a 2005 cewa yana raguwa sosai bayan rauni mai tsanani a ka. A 2015 suka sake gano cewa wata shida bayan rauni, majinyatansu na barcin fiye da awa ɗaya a kan na masu lafiya, kuma da yawansu ba su san suna gyangyaɗi kamar yadda gwaji ya nuna ba. Wannan na ƙarshe abin tsoro ne ga duk wanda abincinsa ke kan babur.

A gida kuwa fassarar daban ce. Saurayin da ke sammakon ban ruwa a fadama ya koma makara har hantsi, sallar asuba na wuce shi. Uba ya ce lalaci ne ya same shi. Yayye su ce ya samu dalilin gudun gona. Abin da jikinsa ke nema a wannan makon shi ne a bar shi. A 2013 ɗakin binciken Maiken Nedergaard a Jami'ar Rochester ta Amurka ya nuna a jikin ɓeraye cewa a lokacin barci ne ruwan ƙwaƙwalwa ya fi ratsa ta yana wanke dattin da ya taru da rana. Ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo ta fi kowace buƙatar wannan aiki.

Daga mako na biyu abin yakan juye. Mutum ya kwanta a gajiye, ido ya bushe. Ya yi barci ya farka ƙarfe biyu, shi ke nan har kiran assalatu. Masu bincike a Melbon sun auna a 2010 suka ga masu raunin ƙwaƙwalwa na samar da melatonin kaɗan da yamma, wato sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi. Ga ciwon wuya da ba ya bari a samu makwanci, ga ciwon kai, ga ƙarar da kunne ke yi idan gari ya yi tsit. A kan duk wannan kuma ga lissafi: babur ya lalace, mai shi na jiran balas, hatsi ya kusa ƙarewa.

Sa'ar da mafarki ke zuwa

Barci hawa-hawa ne. Duk kamar minti 90 mutum na zagaya matakansa, daga mara nauyi zuwa mai nauyi, sannan ya shiga wani mataki da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka gano shi a Jami'ar Shikago a 1953. A cikinsa ake yin mafarkan da aka fi tunawa, kuma yana ƙara tsawo idan dare ya raba. Shi ya sa mummunan mafarki ya fi zuwa gab da asuba.

Mai ɗakin wanda ya faɗi ce ke ganin yadda abin yake. Numfashinsa ya sauya, yatsunsa su dunƙule, ya yi wani gunji a maƙogwaro. Can sai ya zabura zaune yana salati, riga ta jiƙe sharkaf cikin sanyin Janairu, zuciya na dukan uku-uku. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce ba komai, ta kwanta. Shi kuwa ba zai koma ba. Zai jingina da bango ya kunna waya, ko ya fita tsakar gida ya zauna a kan turmi har ladan ya yi kira. Da safe ta je ɗakin surukarta ta rage murya ta ce, "Inna, tun ranar da ya faɗi bai ƙara barcin kirki ba."

Wani mafarkin hatsarin ne yake dawowa daki-daki: fitilar tirela, ƙarar birki, ƙasa na tasowa. Wani kuma ba ya tuna hatsarin ko kaɗan, amma ana binsa a mafarki, ko yana faɗawa rijiya. Abu biyu ne suka haɗu. Raunin ya sa barci na tsinkewa, kuma wanda ya farka a tsakiyar mafarki shi ke tuna shi. Sannan firgicin ganin mutuwa ido da ido yana barin sashen tsoro na ƙwaƙwalwa a kunne. Idan wannan firgici ya wuce wata guda, mutum na gudun wurin da abin ya faru, yana zabura da ƙarar mota, likitoci na kiransa PTSD, ciwon da aka shigar cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980 bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam.

Dannau ma yana yawaita. A matakin mafarki ƙwaƙwalwa na ɗaure gaɓoɓi don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali ya farka kafin a kwance ɗaurin. Mutum na ganin ɗakinsa, yana jin nauyi a ƙirji, ya kasa motsi ya kasa ihu, har ya ga kamar wani na tsaye a bakin ƙofa. Yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, ba ya kisa, kuma ya fi samun wanda barcinsa ya rikice da mai kwanciya rigingine.

Mafi munin abin shi ne tarkon da tsoro ke ɗanawa. Mai gudun mafarki ya fara gudun shimfiɗa. Ya raba dare a teburin mai shayi ko gidan kallo. Ƙwaƙwalwar da aka hana barcin mafarki kuwa tana ramuwa: daren da ya samu ya kwanta, matakin yakan zo da ƙarfi da tsawo fiye da da. Mafarkin ya ƙara muni, gudun ya ƙaru.

Tsakanin malam da likita

A ƙauyukan Kudan da Maƙarfi, kamar sauran ƙasar Hausa, wanda ya faɗi ya dawo yana firgita da dare ba a rasa mai cewa iska ce. A tuna cewa da magariba ya faɗi, ko kusa da tsamiya. A nemo mai ruƙiyya, a karɓo rubutu, a yi hayaƙi. Addu'a ba ta hana magani, kuma zuciyar da ta natsu ta fi saurin samun barci. Inda ake asara shi ne idan aka tsaya nan aka ƙi asibiti, ko aka rufe mai ciwon kai a ɗaki da hayaƙi mai shaƙewa, ko aka kai ga duka da sunan fitar da aljani a jikin wanda ƙwaƙwalwarsa ke jinya.

Musulunci bai raina wahalar mummunan mafarki ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Salama, ɗaya daga cikin manyan tabi'ai, ya kasance mafarki na sa shi rashin lafiya, har ya ji sahabi Abu Ƙatada ya ce shi ma haka ya yi fama kafin ya ji koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da hadisai suka koyar sananne ne: neman tsari, tofi sau uku ta hagu, juya kwanciya, tashi a yi salla idan an so, da barin ba da labarin mafarkin. Mutum ya samu abin yi da jikinsa da harshensa a lokacin da tsoro ya fi ƙarfi, maimakon ya kwanta yana juya abin a rai.

Batun barin ba da labarin mafarkin ne ke sa wasu su yi shiru ko a gaban likita. Likita kuwa ba labarin mafarkin yake nema ba. Abin da zai yi aiki da shi shi ne sau nawa a mako, tun yaushe, da ƙarfe nawa, kuma ko yana hana komawa barci. Ana iya faɗin duk wannan ba tare da an bayyana abin da aka gani ba.

Akwai kuma wata dabara da ba ta buƙatar ƙwaya ko kuɗi. Likita Barry Krakow da abokan aikinsa a jihar Niyu Meziko ta Amurka sun gwada ta a kan mata 168 da aka ci zarafinsu suke fama da munanan mafarkai, aka buga sakamakon a 2001. Mafarkan sun ragu, barcin ya gyaru. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa ta a gaba cikin hanyoyin da take ba da shawara. Da rana ake yi, a farke, a wuri mai natsuwa. Mutum ya zaɓi mafarki ɗaya, ya fara da wanda bai fi tsanani ba, ya sauya shi yadda ya ga dama. Mai ganin tirela na iya sa ta rage gudu ta tsaya, direban ya ɗaga masa hannu, shi kuma ya wuce ya isa ƙofar gida, yara su fito tarbarsa. Sai ya rufe ido ya bi sabon labarin minti 10 zuwa 20 kullum, da launinsa da sautinsa. Mai rubutu ya rubuta, da boko ko da ajami, wanda ba ya yi ya riƙe a ka. Dalilin da masu dabarar suka bayar shi ne mafarkin da ke maimaituwa ya zama sabo, kuma sabo ana iya sauya shi da maimaici. Yakan ɗauki makonni kafin a ga bambanci. Wanda ya ga abin na tayar masa da hankali fiye da da, ya dakata ya nemi ƙwararre.

Abin da kemis ke miƙowa

Kafin malam da likita, yawanci kemis ake fara zuwa. Mai ciwon jiki a ba shi tiramadol, mai rashin barci a ba shi diyazefam. Duka biyun haɗari ne ga kan da ya bugu. Tiramadol na iya jawo jijjiga, yana rikita barci, kuma munanan mafarkai na cikin illolinsa. Diyazefam na kwantar da mutum amma yana dusashe tunani da daidaiton jiki, yana iya rufe alamun zubar jini, jiki na sabawa da shi da wuri, kuma ranar da aka daina rashin barcin da mafarkan na dawowa da ƙarfi. Binciken shan ƙwayoyi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Ciwo da rashin barci na cikin ƙofofin da ake shiga wannan hali.

Ko magungunan da likitoci ke rubutawa ba su da tabbas ɗari bisa ɗari. Akwai firazosin, maganin hawan jini da likita Murray Raskind na Siyatil ya ga yana rage wa tsofaffin sojoji mafarkin yaƙi. An yi ta murna da shi, sai babban gwaji a kan tsofaffin sojoji 304 da aka buga a 2018 ya nuna bai fi ƙwayar da ba ta da magani a ciki ba. Har yanzu wasu na amfana da shi, amma yana saukar da jini har mutum ya yanke jiki ya faɗi, don haka likita ne kaɗai zai yanke hukunci a kansa.

Rana ce ke gyara dare

A Oktoban 2022 masana raunin kai a wasanni suka yi babban taronsu na shida a Amsterdam. Matsayarsu ita ce hutu na awa 24 zuwa 48, ba kwanciya a ɗaki mai duhu na makonni ba. Daga nan a fara tattaki a hankali, a ƙara kaɗan-kaɗan muddin ciwon kai bai tsananta ba. Sun kuma ce a rage kallon waya da talabijin a kwana biyun farko. Wani gwaji a Amurka a 2021 a kan matasa 'yan shekara 12 zuwa 25 ya nuna waɗanda suka kaurace wa allo na awa 48 sun warke cikin kamar kwana uku da rabi, waɗanda suka ci gaba da kallo sai da suka kai kwana 8.

Sauran ƙa'idojin sun dace da tsarin yinin mutumin karkara. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, kuma asuba ta riga ta tsayar da shi. A fita a sha hasken safe, domin shi ke saita agogon jiki. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma a yi ta kafin la'asar. Goro da shayi da kofi da lemon ƙara kuzari a tsaya da su daga azahar, saboda rabin sinadarin da ke cikinsu na nan a jini bayan kamar awa biyar. A ɗaura gidan sauro, a ajiye waya nesa da shimfiɗa. Wanda ya kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ya yi ta juyi. Ya tashi ya zauna cikin haske kaɗan, ya ja carbi, sai ido ya yi nauyi ya koma.

Mafi wuya shi ne haƙuri da babur. Wanda bai yi barci ba, kansa na juyawa, idan ya hau titi yana neman faɗuwa ta biyu, kuma buguwa a kan buguwar da ba ta warke ba ta fi ta farko illa, musamman ga yara da matasa. Haka ɗan damben da aka kashe a fage yau, bai kamata ya ɗaura zare gobe ba, komai zugar makaɗa. A nan dangi da abokan tasha ke da rawar takawa: wani ya karɓi babur ɗin na mako biyu, mai shi ya ɗaga ƙafa a kan balas. Idan ya koma kuma, ya koma da hular kwano. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu, 2009, an kama 'yan acaɓa a Kano da ƙwarya a ka. Nazarin da aka tattara a 2008 ya nuna hular gaske na rage haɗarin rauni a ka da kusan kashi 69 cikin 100, na mutuwa kuma da kusan kashi 42.

Idan wata ya wuce

Mafi yawan mutane na warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. Wanda ya wuce wata guda yana fama, lokacin komawa asibiti ya yi, a nemi takardar turawa zuwa Shika. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano. Mutane na ƙyamar waɗannan wurare don kada a ce an haukace, alhali rashin barci da firgici da baƙin ciki na cikin abin da ake zuwa da shi can kullum. Idan mutum ya fara cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, ba a jira wata ya cika. Wani nazari a Denmak da ya bi bayanan mutum fiye da miliyan 7, aka buga a 2018, ya gano haɗarin kashe kai ya kusa ninkawa ga waɗanda suka taɓa samun rauni a ƙwaƙwalwa, kuma ya fi yawa a watannin farko.

Yara ba sa iya bayani. Wanda ya faɗo daga mangwaro ko katanga, sai a ga ya koma fitsarin kwance, ya ƙi kwana shi kaɗai, yana gyangyaɗi a kan allo ko a aji. Malaminsa na buƙatar a sanar da shi, don kada bulala ta hau kan ciwo.

Ganin likita a asibitin gwamnati mintuna ne ƙalilan, kuma mai raunin kai mantuwa na damunsa. Don haka a je da wanda ke kwana kusa da shi, a je kuma da rubutu na mako biyu a ɗan littafin makaranta: ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, dare nawa ya firgita, ko yana minshari har numfashi ya ɗauke, ko yana kai duka da shuri cikin barci. A rubuta ranar da ya faɗi, da ko ya suma, da abin da ya manta. A zuba kwalayen duk maganin da ya sha a leda, na kemis da na gargajiya, a miƙa wa likita tare da littafin.